Motocin Gudun Japan da Gidan da Aka Bar wa Rodi a Sama

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san irin gidan nan. An gama ƙasa, an zuba dekin, mai gida ya tare da iyalinsa har an yi suna biyu a ciki, amma in ka ɗaga kai sai ka ga rodi tsaye a kan kowane ginshiƙi, hurhuɗu, rana na dukansa, damina na dukansa. Ba mantuwar birkila ba ce. Sanarwa ce cewa harsashin gidan na bene ne, an haƙa shi da zurfi, an zuba masa kankare yadda zai ɗauki hawa na biyu, ranar da hali ya samu za a ɗora. Wani yakan ɗora. Wani kuwa har Allah ya karɓi abinsa bai ɗora ba, magada su sayar, wanda ya saya ya zo da nasa burin.

Haka Japanawa suka ƙera motocinsu na gudu daga 1989 zuwa farkon shekarun 2000, waɗanda a yau ake rububinsu a Amurka da Ingila da Ostireliya: Nissan Skyline GT-R, Toyota Supra, Mitsubishi Lancer Evolution, Subaru Impreza WRX, Mazda RX-7, Nissan Silvia da ire-irensu. A yawancinsu sun gama ƙasa, sun bar rodi a sama. Mafi yawan masu sayensu kuwa ba don su zauna a ƙasan suke saya ba.

Barin rodin yana da dalili. A 1988 waɗanda suka mutu a haɗarin mota a Japan sun haura mutum 10,000, hankalin hukuma ya tashi. Kamfanonin motoci suka ga gara su ɗaure kansu kafin a ɗaure su, sai suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, wadda ba ta shiga kundin doka ba, cewa babu motar da za a sayar a cikin gida a ce ƙarfinta ya wuce doki 280. Ga kuma takunkumin gudu da ke hana kowace mota wuce kilomita 180 a awa. Yarjejeniyar ta zauna daram har 2004, shekarar da Honda ta fito da Legend mai doki 300, daga nan kowa ya kama gabansa.

Sai dai lokacin da aka ƙulla ta, lokaci ne da kuɗi ya yi wa Japan yawa, farashin fili da na hannun jari sun yi tashin gwauron zabi, kamfanoni ba sa jin zafin abin da injiniyoyinsu ke kashewa. Ga kuma gasar tsere mai suna Group A, wadda ƙa'idarta ta ce ba za ka shigo da mota ba sai irin wadda kake sayar wa jama'a, kuma sai ka ƙera aƙalla 5,000. Nissan na son cin tsere, don haka a 1989 ta fito da Skyline GT-R samfurin R32 da injin RB26DETT: lita 2.6, silinda shida a jere, turbo biyu, bulok na zubin ƙarfe, ƙafa huɗu duk suna ja. A filin tsere injin nan yakan ba da kusan doki 600. Daga 1990 zuwa 1993 motar ta shiga tsere 29 a gasar Japan, ta cinye 29 ɗin. Ta je Ostireliya ta lashe tseren Bathurst a 1991 da 1992, 'yan jaridar can suka laƙaba mata Godzilla. Wanda ya je shago ya saya, takardarsa ta ce 280, amma harsashin da ke ƙarƙashinsa an haƙa shi ne don ninki biyun haka.

Toyota ma ta yi irin wannan a 1993 da Supra mai injin 2JZ-GTE, lita 3, shi ma bulok na ƙarfe. A Japan aka rubuta mata 280, a Amurka aka sayar da ita a 320. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa iyakar a takarda take. Kanikawa sun daɗe da tabbatar da cewa injin nan yana iya ninka ƙarfinsa ba tare da an taɓa fistin ko karanshaf ba, muddin komai na kewaye da shi an yi shi bisa ƙa'ida. A kan kalmar “muddin” ɗin nan dukiyar mutane da yawa ta ƙone.

Inji iska yake ci da mai. Duk yawan iskar da ka cusa masa, tare da man da ya dace da ita, haka yawan ƙarfin da zai ba ka. Aikin turbo ke nan: hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji da matsi. Ƙara matsin ba shi da wuya, kuma a nan fitinar take. A cikin R32 akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, an cusa shi cikin wani siririn tiyo don ya rage matsin turbo. Mutum zai zare tiyon, ya sa ɗan tsinke ya turo ƙarfen waje, ya mayar da tiyo. Aikin minti goma, ko sisi bai kashe ba, matsi ya tashi zuwa wajen bar ɗaya a ma'aunin matsi, mota ta ƙara kuzari har direba ya ji a bayansa. Ranar nan ba ya barci don murna. Abin da ba lalle ya sani ba shi ne, fankar da ke ɓangaren hayaƙi a turbo ɗin asali ba ƙarfe ba ce, tangaran ce. An yi ta da tangaran don ta yi sauƙin juyawa, kuma a matsin da kamfani ya tsara tana iya shekara da shekaru. In aka matsa mata fiye da kima, ga tsufa, sai wata rana ana cikin gudu ta rabu da sandarta ta tarwatse. In an yi sa'a gutsattsarin su bi salansa su fice. In ba a yi ba, wasu su koma cikin inji su karce silinda.

Birkilan da ya san aikinsa, in ka kira shi ka ce za ka ɗora bene, ba sama yake fara hawa ba. Zai zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango, ya duƙa ya dubi gindin katanga, ya ce a kawo diga a tona gefen ginshiƙi ɗaya ya ga abin da aka binne. Mai gida yana tsaye yana ƙorafi:

“Malam, ni fa sama na ce a yi mini, ka tsaya kana tonon ƙasa.”

“Alhaji, saman a kan ƙasan zai zauna. Bari in ga rodin nan ko mai sha shida ne ko mai sha biyu.”

Ya san nauyin bene ba a sama yake tsayawa ba. Dekin ya miƙa wa bim, bim ya miƙa wa ginshiƙi, ginshiƙi ya miƙa wa harsashi, harsashi ya danƙa wa ƙasa, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara magana. Ƙarfin inji ma haka yake bin layi. Ka ƙara iska, dole ka ƙara mai, wato famfon mai da injekta na asali sun yi kaɗan. In mai ya gaza ko na daƙiƙa biyu ne alhali ƙafa na kan totur, zafi ya narkar da kan fistin. Iskar da aka matsa tana ɗaukar zafi, sai an sa mata babban abin sanyaya ta kafin ta shiga. Lagireto ma sai an sake, baƙin mai shi ma yana son nasa abin sanyayawa. An gama da wannan, sai kuloci ya fara sulɓi, don ba a yi shi don wannan nauyi ba. Ka sa kuloci mai ƙarfi, nauyin ya wuce zuwa giyabos, a R32 kuwa giya ta uku ce ta saba fara zubar da haƙora. Daga nan sai taya, wadda ita ce kaɗai ke taɓa ƙasa, da birki, wanda shi zai tsayar da duk abin da ka tara. Injin RB26 na farko-farko yana da wani rauni kuma a can ciki, inda karanshaf ke juya famfon baƙin mai: wurin kamun gajere ne, in ana yawan kai inji ƙarshen juyinsa sai famfon ya fashe, mai ya yanke, inji ya buga. Gyaran ba tsada ne da shi ba, amma sai an sauke inji an buɗe shi. Wannan shi ne tonon gindin ginshiƙi, kuma shi ne aikin da kowa ke ƙi, don babu mai ganinsa.

Abin da ke ɗaure duk waɗannan wuri guda shi ne burenbos, kwamfutar da ke faɗin yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Duk sauyin da aka yi, sai an sake mata saiti. Masu wannan sana'a suna da ɗaki na musamman: a hau da mota kan wasu manyan rola, a ɗaure ta da igiyoyi gaba da baya, a kunna ƙatuwar fanka a gabanta, a cusa na'urar auna hayaƙi a salansa. Mai saiti ya zauna a kujerar direba da kwamfuta a cinya, wani har da abin sauraro a kunne wanda aka jona da jikin bulok. Ya sa giya ta huɗu ya take, mota tana kururuwa ba ta zuwa ko'ina, shi kuma yana kasa kunne ko zai ji wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin inji. Wannan ƙarar ita ce alamar mai yana fashewa da kansa kafin lokacinsa. Da ya ji sai ya ɗaga ƙafa, ya ja lokacin wuta baya kaɗan, ya ƙara mai kaɗan, a sake. Yini guda ana abu ɗaya. Gwani a cikinsu shi ne wanda zai kai ga iyaka, sannan ya dawo baya ya bar rata, ko da mai mota yana son lamba babba da zai nuna wa abokai.

A nan ne motar da aka shigo da ita take da wani tarko nata. Fetur mai daraja a Japan ƙarfinsa na jure matsi ya kai wajen 100 a ma'aunin okten. Motar da wani gareji a Osaka ya yi wa saiti a kan wannan mai, in ta sauka a ƙasar da fetur ɗinta bai kai haka ba, kamar zanen gidan da aka yi don ƙasa mai tsauri ne aka je aka gina shi a fadama. Zanen ba shi da laifi, ƙasar ce ba tasa ba. Da yawa injinsu ya buga cikin watannin farko ba tare da sun ƙara wa motar ko kusa ɗaya ba.

Kada kuma a manta gidan tsoho ne. R32 ta farko ta haura shekara 35, Supra ta ƙarshe a wannan samfuri ta fita a 2002. Rodin da aka bari a sama ya sha damina talatin. Yawancin motocin nan a kasuwar gwanjo ake sayensu, irin su USS, mai saye yana wata nahiya, bai ga mota ba sai hotuna da takarda guda. Takardar nan ta cancanci a tsaya a kanta. A kusurwar sama akwai maki: 4.5 ko 5 mota ce tsaf, 4 mai kyau ce, 3.5 ta ga duniya, harafin R kuwa yana nufin ta taɓa haɗari har an gyara ƙashin jikinta. A ƙasa akwai zanen mota an shimfiɗe ta, mai dubawa ya bi ta da haruffa: A karce ne, U lotsawa, W wurin da aka yi gyaran bodi ya bar tudu da kwari, S tsatsa, C tsatsar da ta fara cin ƙarfe, XX an canza ɓangaren gaba ɗaya. A gefe kuma ga 'yan layuka da rubutun hannu cikin Japananci, inda ainihin maganar take: mai na ɗiga, ƙasan mota ya yi tsatsa, an canza mita. Dillalin da ya nuna maka maki ya ƙi fassara maka layukan nan, ya nuna maka fentin gida ne ya tsaya a gaban tsagar bango.

Tsatsa ita ce garar mota. Wadda ta yi rayuwarta a arewacin Japan, wajen Hokkaido, inda ake zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, samanta na iya ƙyalli alhali ƙasanta ya zama garin ƙarfe. Skyline na da wuraren da ta saba ruɓewa, musamman inda kan shokazoba na gaba ke zama da kuma bakin tayoyin baya. Sannan akwai abin da ya fi tsatsa wuyar ganewa, wato aikin mai gidan da ya gabata. A Japan ana kai mota babban bincike bayan shekara uku da saye, daga nan duk shekara biyu, kuma haraji na ƙaruwa in ta wuce shekara 13. Da yawa sukan ɗora wa mota kaya su more ta a filin tsere, in za su sayar su kwance kayan su mayar da na asali. An yi bene, an zauna a ciki shekara goma, an rushe, an shafe wurin da filasta, an ce maka ba a taɓa ɗora komai ba. Mai ido yakan gane: ƙananan huji a gaban mota inda aka taɓa kafa agogon auna matsi, waya da aka yanke aka naɗe da salatif a ƙarƙashin sitiyari, kan kusoshi da sifana ta cinye.

Shi ya sa nake ganin kuɗin farko da ya kamata mai sabuwar tsohuwar mota ya kashe, kuɗin da ba zai ƙara masa doki ko ɗaya ba ne. A auna matsin kowace silinda. A canza bel ɗin tamin da famfon ruwa, da duk tiyon roba da ya bushe, da robobin ƙafa, da man giya da na birki, da tayoyin da ƙila tun a Yokohama suka shekara takwas. Sai motar ta koma yadda kamfani ya sallame ta, a tuƙa ta a haka a san halinta, sannan a yi zancen ƙari. Amma jeka wurin taron masu irin motocin ka gani. Abin da ake fara saye rim ne, da fiffike a baya, da salansa mai faɗin bakin tulu, da sauke mota ƙasa har ta kasa hawa tudun rage gudu. Tayil ne da silin na roba da fitilu masu launi a gidan da indararonsa ke zuba a gindin bango. Ba na ƙin ado, wanda ya sayi abinsa yana da ikon ƙawata shi. Abin da nake ƙi shi ne a yi adon da kuɗin birki.

Kuma ba kowace ce aka bar wa rodi ba, ko da sun fito zamani ɗaya. Mazda RX-7 injinta ba fistin gare shi ba, wasu dunƙulen ƙarfe biyu ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki. Ga sauƙin nauyi, ga daɗin tuƙi, amma ba ta yafe kuskure: zafi ya yi yawa ko mai ya gaza sau ɗaya, 'yan ƙarafan da ke toshe kusurwoyin sun karye. Subaru, duk da Colin McRae ya ci gasar duniya ta tseren daji da ita a 1995, bulok ɗinta na alminiyom ne, fistin ɗinta ba ya son wasa. Lancer Evolution, wadda Tommi Mäkinen ya ci gasar da ita sau huɗu a jere daga 1996 zuwa 1999, ta fi haƙuri, don injinta 4G63 ƙarfe ne. Honda NSX kuwa gida ce da aka gama har rufi, babu turbo, babu inda za ka ɗora wani abu sai ka ɓata.

Batun kuɗi ba sai an tsawaita ba. Wanda ya taɓa gini ya san ƙiyasin farko ba ya kai mutum linta. Kamfanoni irin su HKS da Trust da Blitz sun shekara da shekaru suna ƙera wa motocin nan kaya, duk watan Janairu ana baje sababbi a Tokyo Auto Salon, don haka abin saye ba ya ƙarewa. Akwai garejin da za ka shiga ka ga mota a kan jak, inji a gefe an rufe da tamfol, ƙura ta yi shekara uku a kai. Kangon bene ke nan: an kwashe kwanon ƙasa, kuɗi ya ƙare kafin a rufa sama, mai gida ya koma haya.

Sai takardar izini. Dokar Amurka ta 1988 ta hana shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar ƙasar ba, sai ta cika shekara 25. Saboda haka R32 ba ta samu shiga ba sai 2014, Skyline GT-R samfurin R34 kuma sai 2024, kuma akwai waɗanda suka sayi mota suka ajiye ta a sito a Japan suna biyan haya suna ƙirga watanni. Kanada shekara 15 ta ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma tana ɗaga wa tsohuwar mota ƙafa ne in injinta yana yadda aka ƙera shi. A Ingila duk abin da ka canza sai ka gaya wa kamfanin inshora, in ka ɓoye aka yi haɗari suna iya juya maka baya. A Ostireliya babban sauyi sai injiniya ya duba ya sa hannu. Mutane na ƙorafi, amma bene in ya rufta ba mai gida kaɗai yake dannewa ba, har maƙwabci da mai wucewa. Kazuhiko Nagata, mai garejin Top Secret, ya kai Supra ɗinsa Ingila a 1998, ya take ta cikin dare a babbar hanyar A1 har ta haura kilomita 300 a awa, 'yan sanda suka kama shi. Har yau samari na ba da labarin cikin sha'awa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne hanyar ta jama'a ce, kuma Allah ne ya tsare ba a haɗu da kowa ba. Wurin wannan gudu filin tsere ne, inda ake biyan kuɗi a shiga, a sa hular kwano, kowa ya san abin da ya kawo shi.

Wani abin mamaki ya faru da farashi. Yaran da suka tashi da wasan kwamfuta na Gran Turismo, wanda ya fito a 1997, da fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, yanzu su ne magidanta masu abin hannu. Supra mai ruwan lemo da aka yi fim ɗin da ita an sayar da ita dala 550,000 a gwanjo a 2021. Motocin da a da ɗalibi ke saya ya koyi jan birki da su sun zama kadara. Kuma wadda ta fi tsada a yau ita ce wadda ba a taɓa ba: fentin asali, salansar asali, rediyon kaset na asali. Gidan da ba a ɗora wa komai ba ya fi mai bene daraja, don kawai irinsa ya yi ƙaranci. Nissan ta ga haka, tun 2017 ta koma ƙera wasu kayan gyaran R32, Toyota ma ta bi sahu da na Supra a 2020. Ba na goyon bayan a kulle mota a ɗaki ana goge ta kamar kwalla, an yi ta ne don a tuƙa. Amma mai hankali in ya kwance wani abu na asali yakan wanke shi ya naɗe ya ajiye, kuma ba ya yanka abin da ba zai iya mayarwa ba.

Mu a nan fa? Japan a hagu ake tuƙi, sitiyarinsu na dama. Nijeriya ta bar tuƙin hagu a 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa dama can a dama take, kuma dokar hanya a Nijeriya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Shi ya sa motocinmu na hannu daga Amurka da Turai suke zuwa, ba kamar Kenya da Tanzaniya da Yuganda ba, da ke kwaso nasu kai tsaye daga gwanjon Japan. Ko Kenya ɗin ma ba ta karɓar motar da ta wuce shekara takwas, wato abin da Amurka ke jira ya tsufa, ita ta rufe masa ƙofa tun tuni. Masu juya sitiyari daga dama zuwa hagu a gareji kuwa, ginshiƙi suke cirewa don falo ya yi faɗi: a yanka ƙarfen gaba, a yi wa sandar sitiyari walda, a ƙara wa bututun birki tsawo, sannan a hau hanyar Zariya da ita.

Amma dangin injinan nan suna cikinmu. Lexus GS300 da IS300 na farkon shekarun 2000, waɗanda suka shigo mana daga Amurka, injinsu 2JZ ne, ɗan'uwan na Supra, sai dai ba turbo. Samari sun ji labari, wasu har sun fara tambayar nawa ne turbo a intanet. Ga gaskiyar magana: bulok ɗin ƙarfe ne, amma sandunan fistin na wannan samfuri sun fi na Supra siranta, matsin cikin silindarsa ya fi yawa, giyabos ɗinsa ba a yi shi don wannan nauyi ba. Fetur ɗinmu iri ɗaya ne a kowane gidan mai, bai kai na Japan ba, ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga ƙarancin wurin da za a ɗaure mota a yi mata saiti da awo. Rodin gidan nan mai sha biyu ne.

Don haka ɗan'uwa mai IS300, in kuɗi ya shigo, sayi taya huɗu sababbi masu suna, ka sake birki da shokazoba, ka sa lagireto mai kyau, ka mayar da na'urar daidaita zafin ruwa da bakanike ya cire ya jefar, ka canza bel ɗin tamin. Doki 215 da Toyota ta ba ka sun fi ƙarfin yawancin hanyoyin da za ka bi. Turbo ɗin ka bar shi sai ranar da ka samu wanda zai buɗe injin ya auna, ba wanda zai ce maka “Oga, ai ɗaurawa kawai za a yi” ba.